Motar Otomatik Mai Jan Gaba Fiye da Kima: Yadda Ake Gano Inda Ciwon Yake

Motoci masu canza giya da kansu, waɗanda ake kira otomatik, sun zama abin gani yau da kullum a titunan birnin Yamai. Mafi yawansu an riga an yi aiki da su a Turai ko Amurka kafin su iso gare mu. Shekaru da dama ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Malanbil da Gaya. Bayan da aka rufe iyakar Nijar da Benin a shekarar 2023, masu shigo da kaya da yawa suka koma tashar Lome, suna ratsowa ta Burkina Faso. Ko ta wace hanya mota ta zo, tana isowa ne da shekarunta a kanta, sa'an nan ta tarar da zafi da ƙura irin namu.

Ɗaya daga cikin koke-koken masu irin waɗannan motoci shi ne jan gaba. Direba ya tsaya a jar wuta ko cikin cunkoson Gadar Kennedy, ƙafarsa a kan birki, amma ya ji motar tana ƙoƙarin ƙwacewa kamar dokin da aka ja wa linzami. Da ya ɗan sassauta ƙafa sai ta zabura. A gabansa akwai mai babur, ko mai tura baro, ko yaro mai talla. A cikin gida kuwa, inda ake shiga da mota tsakanin bango da yara masu wasa, haɗarin ya fi haka.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne: a mafi yawan lokuta laifin ba na akwatin giya ba ne, wato abin da makanikan Yamai suke kira buwat. Laifin na inji ne, wanda yake juyawa da sauri fiye da yadda ya kamata alhali ba a taka totur ba. Gyaran wannan yana da sauƙi da araha. Kwance akwatin giya kuwa aiki ne mai cin kuɗi, kuma ba kowane gareji ne yake iya mayar da shi yadda ya same shi ba.

Dalilin da ya sa motar otomatik take rarrafe

Ita motar otomatik ba ta da kuloci na ƙafa, wanda wasu suke kira ambireyaj. A maimakonsa, tsakanin inji da akwatin giya akwai wata rufaffiyar tukunya ta ƙarfe cike da mai, wadda makanikai suke kira konbertiser. A cikinta akwai farfela biyu da suke fuskantar juna ba tare da sun taɓa juna ba. Inji yana juya ta farko. Ita kuma tana watsa mai a kan ta biyu, man ya tura ta, ta biyun ta juya giya, giya ta juya tayoyi.

Ga misali daga cikin gida. A cika babbar ƙwarya da ruwa, a ɗora ƙaramin ludayi a kai, sa'an nan a sa hannu a juya ruwan. Ludayin zai fara zagayawa ko da hannu bai taɓa shi ba. Idan aka riƙe ludayin da yatsa zai tsaya, amma ruwan yana ci gaba da tura shi. Hannu shi ne inji, ruwa shi ne man giya, ludayi shi ne tayoyi, yatsa kuma shi ne birki. Wani injiniya Bajamushe mai suna Hermann Föttinger ne ya ƙirƙiro wannan dabara a shekarar 1905 domin jiragen ruwa. Kamfanin General Motors na Amurka ya sa ta cikin motocin Oldsmobile na shekarar 1940, sa'an nan motar Buick ta 1948 ta fito da irin tukunyar da take ƙara ƙarfin turi, wadda ita ce uwar waɗanda muke hawa yanzu.

Saboda haka, muddin inji yana aiki kuma sandar giya tana kan D ko R, akwai ɗan turi a kan tayoyi. Idan aka ɗaga ƙafa daga birki a wuri mai daidai, mota mai lafiya za ta fara tafiya a hankali, kamar tafiyar mutum da ƙafa ko ɗan fiye da haka, wajen kilomita 5 zuwa 8 a awa. Wannan rarrafe ba ciwo ba ne. Haka aka ƙera ta, kuma yana taimaka wa direba wajen ajiye mota da tafiya cikin cunkoso. Wanda ya saba da motar hannu, irin yawancin tasi-tasin Yamai, yakan tsorata da shi a ranar farko, har ya kai motar gareji babu dalili.

Ɗan lissafi mai amfani

Juyin da inji yake yi sa'ad da ba a taka totur ba shi ne ake kira ralanti a Nijar, direbobin Kano kuma su ce silo. Ana auna shi da yawan juyi a minti ɗaya. A allon gaban direba akwai agogo mai lambobi 1, 2, 3 zuwa sama. Kowace lamba tana nufin juyi 1,000. A yawancin ƙananan motoci masu shan fetur, idan inji ya yi ɗumi, allura takan tsaya tsakanin 600 da 800, wato ƙasa da lamba 1.

To, ƙarfin turin man da yake cikin tukunyar ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar juyi. Yana ƙaruwa ne kamar an ninka juyin a kansa. A ɗauki alƙalami a gwada. 700 sau 700 ya ba da 490,000. 1,000 sau 1,000 ya ba da 1,000,000. Ke nan idan ralanti ya tashi daga 700 zuwa 1,000, turin da yake kan tayoyi ya kusa ninki biyu cif, har ya ɗan ɗara. Idan ya kai 1,400, turin ya zama ninki huɗu. A ido, allura ta ɗan motsa ne kawai, kunne ma ba lalle ya lura ba, amma ƙafar direba tana jin bambancin. Wannan shi ne dalilin da ya sa binciken jan gaba yake farawa daga agogon juyin inji.

Gwajin da mai mota zai iya yi da kansa

A nemi fili mai daidai, wanda babu mutane ko dabbobi a gaba da baya. A tuƙa motar kamar minti 15 tukuna, har allurar zafi ta zo inda ta saba tsayawa. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin inji mai sanyi yana ɗaga ralanti da gangan, zuwa 1,200 ko ma 1,500, don ya yi saurin ɗumi. Motar da take jan gaba da asuba, sa'an nan ta lafa bayan ƴan mintoci, lafiyarta ƙalau.

Bayan ta yi ɗumi, a ja birkin hannu, a kashe na'urar sanyaya ciki, wato kilim, a kashe fitilu, a sa sanda a kan P, a karanta agogo. A rubuta lambar a takarda. A taka birki sosai, a mayar da sanda kan D, a sake karantawa. Allura takan ɗan sauka, domin inji ya ɗauki kaya. Sa'an nan a kunna kilim a sake dubawa. A motoci da yawa za ta ɗan hau, kimanin juyi 100 ko kusa da haka, domin kwamfutar motar tana ƙara wa inji ƙarfi don ya ja na'urar. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake wuce digiri 40 kuma kilim ba ta hutawa, ɗan ƙarin jan gaba abu ne da ake tsammani.

Lambar da ta dace da kowace mota tana cikin littafinta. A motocin da suka zo daga Amurka, sau da yawa akwai takarda manne a ƙarƙashin murfin inji mai ɗauke da bayanin. Idan motar ba ta da agogon juyi, na'urar bincike ta gareji tana nuna shi.

Idan inji ya yi ɗumi, kilim a kashe, amma allura tana kan 1,000 ko sama, an gano gidan ciwon. A bar akwatin giya ya huta, a koma kan inji.

Abubuwan da suke ɗaga ralanti

A fara da abin da ba ya cin ko dala. A duba tabarmar ƙafa. Mutane da yawa suna ɗora darduma ko roba mai kauri a kan tabarmar asali saboda yashi, ita kuma takan zame ta danne totur. Kada a raina wannan. A shekarun 2009 da 2010 kamfanin Toyota ya kira miliyoyin motoci domin gyara saboda tabarmar ƙafa da totur mai maƙalewa. A tsofaffin motoci, waya ce take haɗa totur da inji. Idan ta yi tsatsa, ko ta fara tsinkewa a cikin kubenta, ko wani ya ɗaure ta da ƙarfi babu sassauci, ba za ta bar totur ya koma mazauninsa ba.

Inji yana shaƙar iska ta wani maƙogwaro mai ƙofa a ciki, wadda makanikai suke kira papiyon. Taka totur shi ne buɗe wannan ƙofa. Duk iskar da ta shiga inji fiye da kima, kwamfuta za ta bi ta da fetur, juyi ya ƙaru. Don haka tambayar ita ce: ta ina iskar take shiga?

Hanya ta farko ita ce ƙofar kanta. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da tururin mai ta zama baƙin danƙo a bakin ƙofar. Wani lokaci danƙon yana hana ta rufewa sosai. A motoci da yawa na shekarun 1990 da farkon 2000 akwai wani ƙaramin bawul a gefen maƙogwaron, wanda aikinsa shi ne daidaita iskar ralanti. Idan datti ya kama shi a buɗe, ralanti ya tsaya a sama ke nan. Ana kwance shi a wanke da maganin wanke maƙogwaro. Al'adar nan ta busa matacin iska da famfo har ya huje, ko cire shi gaba ɗaya don a ce mota ta sami numfashi, ita ce take kawo wannan datti.

A nan akwai abin lura. A sababbin motoci babu waya, ƙaramin inji na lantarki ne yake buɗe ƙofar bisa umarnin kwamfuta. Yayin da datti yake taruwa a hankali, kwamfuta tana koyon ƙara buɗe ƙofar don ta rama. Ranar da aka wanke maƙogwaron, kwamfuta ba ta san an wanke ba, sai ta ci gaba da buɗewa yadda ta saba, ralanti ya yi sama. Mai mota ya ce makanike ya ɓata masa mota, alhali aikin ne bai ƙare ba. Saura a sake koya wa kwamfutar. Wasu motoci suna koya da kansu bayan ƴan kwanaki na tuƙi. Wasu, musamman na kamfanin Nissan, suna da tsari na musamman da ake bi, da na'urar bincike ko da wasu matakai da aka rubuta a littafin gyara. Cire batir ma yakan jawo irin wannan a wasu motoci. Saboda haka yana da kyau mai mota ya tuna ranar da jan gaban ya fara da aikin da aka yi wa motar kafin nan.

Hanya ta biyu ita ce ɓarauniyar iska. A jikin inji akwai ƙananan tiyo na roba da yawa. Zafi yana busar da su har su tsage, kuma motar da ta shekara 15 ko 20 ba ta rasa irin wannan. Tsaguwa ɗaya bayan ƙofar iska ta isa. Alamarta ita ce ƙarar tsotso, kamar mutum yana jan iska ta tsakanin haƙora, da ralanti mai hawa da sauka. A bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da ido da hannu, inji a kashe. Wasu makanikai suna yayyafa fetur a kan inji yana aiki don su ji inda sautinsa zai canza. Wannan wasa da wuta ne, kada a yarda a yi shi. Fesa ruwa kaɗan a kan mahaɗar tiyo, nesa da wayoyin lantarki, yana nuna wurin ba tare da haɗarin gobara ba.

Batun termosta

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya zama ruwan dare a ƙasashenmu. Termosta ƙaramin bawul ne a hanyar ruwan inji. Yana rufe hanyar zuwa lagireto har sai ruwan ya kai zafin da ake so, yawanci tsakanin digiri 80 da 90, sa'an nan ya buɗe. Makanikai da yawa suna cire shi da zarar mota ta iso, suna cewa kayan ƙasashen sanyi ne. A ganina wannan kuskure ne babba. Aikinsa shi ne kai inji ga zafin aikinsa da wuri, ya kuma riƙe shi a nan, kuma inji yana bukatar haka a Yamai kamar yadda yake bukata a Faransa.

Idan babu shi, ruwa yana zagayawa ta lagireto tun daga tashi. A safiyar Disamba ko Janairu, lokacin da sanyi yake sauka ƙasa da digiri 20, inji yakan daɗe bai yi ɗumi ba, musamman idan an haɗa fankar lagireto kai tsaye tana juyawa ba tsayawa, kamar yadda ake yawan yi. Kwamfuta tana ganin inji da sanyi, sai ta riƙe ralanti a sama, ta ƙara fetur. Mai mota yana fama da jan gaba, yana kuma biyan kuɗin fetur da bai kai shi ko'ina ba. Alamar wannan ita ce allurar zafi da ba ta zuwa tsakiya, ko mai sauka idan aka hau babbar hanya. Idan mota tana zafi fiye da kima, a nemi dalilin a lagireto mai toshewa, ko fanka, ko famfon ruwa.

Ko da termosta yana nan, ƙaramar na'urar da take gaya wa kwamfuta zafin ruwa tana iya lalacewa, ta riƙa cewa da sanyi alhali da zafi. Ƙarancin ruwa ma yana rikita ta. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.

Akwai kuma ralantin da hannun mutum ya ɗaga. Mota tana mutuwa a tsaye saboda buji sun gaji ko matacin fetur ya toshe, sai a murɗa sukurun maƙogwaro don ta daina mutuwa. An rufe ciwo ɗaya da wani ke nan. A motocin gazuwal, irin wasu tsofaffin Land Cruiser, akwai maɓallin ɗaga ralanti kusa da sitiyari, a tabbata an mayar da shi. Injin gazuwal kuma yana da ƙarfi tun daga ƙaramin juyi, don haka rarrafensa yakan fi na fetur nauyi.

Motocin Amurka daga shekarar 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da wurin jona na'urar bincike a ƙasan sitiyari. Lambar P0507 tana nufin ralanti ya fi yadda kwamfuta take so. P0505 tana nuna matsala a tsarin daidaita ralanti. P0171 tana nufin iska ta fi fetur yawa, wanda sau da yawa ɓarauniyar iska ce. P0128 tana nuna ruwa bai kai zafin da ya kamata ba. A roƙi makanike ya rubuta lambar a takarda kafin ya goge ta. Lamba tana nuna unguwar da ciwon yake, sai an bi gida-gida kafin a sayi kaya.

Idan ralanti daidai yake

To sai a dubi birki, domin wataƙila turin bai ƙaru ba, riƙon ne ya ragu. Takalman birki da suka cinye, ko man birki da ya ragu ko iska ta shiga cikinsa, suna sa mota ta riƙa sulalewa. Bayan fedar birki, a ɗakin inji, akwai wata baƙar ganga mai taimaka wa ƙafa, wadda take aiki da tsotson inji. Ga yadda ake gwada ta. Inji a kashe, a taka birki sau 4 ko 5 har ya yi tauri, a riƙe shi a take, a tayar da inji. Idan feda ta ɗan nutsa, gangar tana aiki. Idan ba ta motsa ba, ko ana jin ƙarar iska kuma ralanti yana canzawa duk lokacin da aka taka birki, robar cikinta ko tiyonta ya fashe. Wannan ciwo ɗaya ne mai kai biyu, yana raunana birki yana kuma ba inji ɓarauniyar iska.

Sai bayan duk wannan ake zargin akwatin giya, kuma shi ma yana da alamunsa. Idan mota tana motsi alhali sanda tana kan N, ko dai wayar sanda ta goce, wanda gyara ne mai sauƙi, ko faifan da suke cikin akwatin sun lanƙwashe suna kama juna. Idan tana karkarwa yayin tsayawa har inji ya mutu, kamar motar hannu da aka manta ba a taka kuloci ba, to wani kuloci ne na cikin tukunyar man ya ƙi saki. Wani lokaci ƙaramin bawul na lantarki ne kawai yake jawo haka.

A duba man giya bisa yadda littafin motar ya ce, domin hanyar ta bambanta. A yawancin motocin Toyota masu sandar awo ana dubawa inji yana aiki kuma da ɗumi, a Honda kuwa bayan an kashe shi. Mai lafiyayye yawanci ja ne garau. Baƙi mai warin ƙuna yana nuna faifai sun ƙone. Wanda ya yi kama da madarar da aka ɗiga wa jan launi ruwa ne ya shige shi, ko daga lagireto da ya fashe ta ciki, ko daga ratsa ruwa mai zurfi, irin wanda ya mamaye unguwannin Yamai a ambaliyar 2020 da ta 2024. Kowane akwati da irin mansa, kamar Dexron, ko T-IV da WS na Toyota, ko DW-1 na Honda. Akwatin CVT yana da nasa daban. Man inji ko man giyar motar hannu bai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kafin a kai ga gyara

Riƙe mota da birki alhali ralanti yana sama yana dafa man giya, domin duk ƙarfin da bai tafi ga tayoyi ba zafi yake zama. Sa giya daga P zuwa D a kan juyi mai yawa kuma yana dukan akwatin da robobin da suke riƙe da inji. Saboda haka, kafin a sami damar zuwa gareji, a mayar da sanda kan N a tsayuwa mai tsawo, ƙafa tana kan birki. A bar tazara mai faɗi tsakani da na gaba. A yi tuƙi da ƙafar dama kaɗai. Wajen shiga gida, a sa wani ya kawar da yara tukuna.

Idan kuwa totur ya maƙale ana cikin tafiya, a taka birki da ƙarfi a riƙe, ba a riƙa ɗagawa ana sake takawa ba. A tura sanda zuwa N. Inji zai yi ruri, a ƙyale shi. A ratse gefen hanya, a tsaya cak, sa'an nan a kashe shi. Kashe inji ana cikin gudu yana sa sitiyari da birki su yi nauyi, kuma murɗa makulli har ƙarshe yana iya kulle sitiyarin.